Yadda Ake Tattara Tarihin Baka: Misali Daga Zangon Daura

Wajen shekarar 1805 mayaƙan jihadi ƙarƙashin Malam Isiyaku suka ci birnin Daura, sarkin garin na lokacin, Sarkin Gwari Abdu, ya fita da jama'arsa. Daga baya zuriyarsa ta kafu a Zango, ta riƙe sarautarta a can har 1906, lokacin da Turawa suka dawo da Malam Musa, ɗan wannan zuriya, gadon Daura. Kaso mai yawa na labarin waɗannan shekaru ɗari yana bakin dattawa da maroƙa, kuma da irin bayanansu masanin nan M. G. Smith ya gina littafinsa a kan Daura, wanda ya fito a 1978. Ceto irin wannan tarihi na cikin ayyukan Arewa House ta Kaduna, cibiyar Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1970, da cibiyar CELHTO ta Yamai. Aikin yana da ƙa'idoji, ga su daki-daki.

Da farko, mai bincike ya karanta abin da aka riga aka rubuta, kamar jerin sarakunan Daura da rahotannin jami'an mulkin mallaka, don ya san inda giɓi yake. Daga nan ya tsara tambayoyinsa.

Na biyu, neman izini. Ba a faɗa wa gari da rikoda a hannu. Sai a fara da gaisuwa wurin hakimi, shi ya haɗa baƙo da dagaci da mai unguwa. A bayyana wa kowa abin da za a yi da muryarsa, a kuma sami yardarsa.

Na uku, zaɓen masu ba da labari. Fada tana da nata, amma ba ita kaɗai ta ga jiya ba. A nemi makaɗa da maroƙa, da malaman zaure, da maƙera, da jikokin fatake, da dattijai mata waɗanda suka fi kowa sanin auratayya da dangantaka. Tun da Zango tana bakin iyaka, kuma ta daɗe tana hulɗa da Damagaram, dole a tsallaka Nijar a ji ta bakin 'yan uwa na can.

Na huɗu, zaman hira, kuma nan ne gwaninta take. Rani ya fi dacewa, bayan an kai amfanin gona gida. A fara ɗaukar sunan mai magana, da asalinsa, da wuri, da kwanan wata. A bar shi ya yi ta zuba, kada a katse shi, kada a sa masa amsa a baki. Idan ya numfasa sai a ce, "Baba, a bakin wa ka ji wannan?" Amsar ita ke nuna ko ganau ne ko jiyau. Dattijo ba ya ƙirga shekara da lamba, don haka a ɗaure labarinsa da abin da aka san lokacinsa, kamar yunwar Kakalaba ta wajen 1914, ko hawan Sarki Abdurrahman a 1911, ko na Sarki Muhammadu Bashar a 1966.

Na biyar, a rubuta hirar kalma da kalma, da Daurancinta, ba tare da gyara ba. Wanda ya mayar da ita daidaitacciyar Hausa ya zubar da rabin hujja.

Na shida, tantancewa. A gwada labarin Zango da na Daura da na maƙwabciyarsu Ɓaure da abin da ke rubuce. Inda suka saɓa a ajiye kowanne da sunan mai shi, domin saɓanin ma yana da abin da yake koyarwa.

Na bakwai, adanawa. A ba kowace hira lamba, a yi kwafi a wurare dabam-dabam, a juye tsofaffin kaset cikin kwamfuta kafin zafi da ƙura su lalata su. A kuma mayar wa iyalin mai labari da nasu kwafin, don amana ce aka karɓa.

Da tsohuwar zuma ake magani. Muna kira ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Masarautar Daura su haɗa hannu su horar da matasan Zango wannan aiki tun dattawanmu suna raye.