Yadda za ka yi idan allurar da aka yi wa wani ta soke ka

A unguwannin Gyadi-Gyadi da Tarauni da ke Kano ba a asibiti kaɗai ake yin allura ba. Ana yi a kemis, ana yi a gida, inda 'ya ke yi wa mahaifinta mai ciwon sukari insulin safe da yamma. Sau da yawa wajen mayar da murfi ake sukuwa: sirinji a hannun dama, murfi a hagu, sai tsinin ya kauce ya shiga yatsa. Safar hannu ba ta tare shi.

Don haka da ka zare allura, kada ka rufe ta. Jefa ta cikin kwalin da aka tanada don allurai. A gida kuwa, nemi jarka mai kauri mai murfi, ka ajiye inda hannun yara ba ya kaiwa. In ta cika kashi uku cikin huɗu, ɗaure bakinta ka kai asibiti. Kada ta je bola, don 'yan jari-bola da hannu suke tono.

In kuma ta riga ta soke ka, fara da wanke wurin da sabulu a ƙarƙashin famfo, ko wani ya riƙa zuba maka ruwa da buta. Kada ka tsotsa, kada ka matsa, kada ka zuba Hypo. Rufe da filasta.

Sannan ka tashi nan take, ko da tsakar dare ne. Ma'aikacin asibiti ya gaya wa shugaban sashensa. Na gida ya nufi sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da ke titin Zariya. Akwai maganin da ke hana ƙwayar cutar ƙanjamau kama jiki, amma dole a fara shi cikin awa 72, gara ma a awannin farko, a sha kwana 28 ba fashi. A nan kunya ke cutar mutane, su yi shiru har lokaci ya ƙure. Faɗi gaskiya: allurar wa ce, ƙarfe nawa ta soke ka. In mai ita ya amince, a gwada jininsa tare da naka, kuma ka koma gwaji duk ranar da likita ya sa maka.

Kowa ƙanjamau yake tsoro, alhali a suka dubu da allurar mai cutar kusan uku ne ke kai ga kamuwa da shi. Ciwon hanta nau'in B ya fi shi saurin kamu nesa ba kusa ba, ga wanda bai yi riga-kafi ba. Allura uku ce: yau, bayan wata ɗaya, sai ta wata na shida. Duk mai jinyar wani ya je ya yi ta tun kafin a soke shi.