Darasi na Bakwai: Faɗakar da Matasa Kan Fita Zaɓe

7.1 Ma'ana

Faɗakarwa kan zaɓe ita ce jan hankalin jama'a su yi rajista, su karɓi katinsu, su kuma fita su kaɗa ƙuri'a, ba tare da an nuna masu wanda za su zaɓa ba. A nan ta bambanta da yaƙin neman zaɓe, wanda manufarsa tallata ɗan takara.

7.2 Matsayin Matasa

A zaɓen 2023, hukumar INEC tana da masu rajista fiye da miliyan 93, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari matasa ne 'yan shekara 18 zuwa 34. Duk da haka, ranar 25 ga Fabrairu kimanin kashi 27 cikin ɗari na masu rajistar ne kawai suka yi zaɓe. Ba daidai ba ne a ɗora laifin duka kan halin ko-in-kula. Sau da yawa ɗalibi yakan yi rajista a garinsu alhali yana karatu a wani gari, ga shi ana taƙaita zirga-zirga ranar zaɓe. An dai rufe jami'o'i daga 22 ga Fabrairu zuwa 14 ga Maris na shekarar.

7.3 Harshen Faɗakarwa

Wajibi ne malami ya tace kalmominsa. Ko karin maganar da ta ambaci tsintsiya ko lema tana iya zama talla, domin alamomin jam'iyyu ne.

Auna Fahimta

Rubuta sanarwar rediyo mai jimla biyar da za ta kira matasan unguwarku su karɓi katin zaɓe.