Darasin Kiwo: Sabon Maraƙi da Adana Irin Shanunmu

Saniya takan ɗauki ciki na wata 9 da 'yan kwanaki kafin ta haihu. Ranar da maraƙi ya faɗo, garke ya ƙaru. Amma akwai abin da makiyayi zai tambayi kansa: wane irin sa ne uban wannan maraƙi?

A kan Titin Ali Akilu a Kaduna akwai gidan tarihi da aka buɗe a 1975. A can ake ajiye kayan mutanen da, kamar gumakan Nok na yumɓu. Irin shanu ma kayan gado ne, sai dai ba ya ajiyuwa a cikin akwatin gilashi. Gidan tarihinsa shi ne garke. In aka daina haihuwar maruƙansa, ya ɓace ke nan har abada.

Shanun Gado

Bunaji fari ne, mai baƙin kunne da baƙin hanci. Shi ya fi yawa a Nijeriya. Yana jure rana da doguwar tafiya, yana kuma jan garma. Rahaji ja ne mai dogayen ƙahoni. Bokolo na ƙasar Sakkwato yana da gajeren ƙaho da yawan nama. Kuri na Tafkin Chadi ba shi da tozo, kuma yawansa yana raguwa. Muturu ɗan ƙarami ne, amma yana jure sammore, ciwon da ƙudan tsando ke kawowa. Domin yaƙi da wannan ciwo aka kafa wata cibiyar bincike a 1947, wadda hedkwatarta ke Unguwar Rimi, Kaduna.

Ina Haɗarin Yake?

A Shika, kusa da Zariya, masana sun haɗa Bunaji da Firiziyan, shanun da asalinsu ƙasar Holan ne. 'Ya'yan da aka samu sun fi ba da nono. Amma suna bukatar abinci mai yawa, da inuwa, da maganin kaska a kai a kai. Wanda ba shi da halin wannan, asara zai yi.

Kuma in kowa ya ci gaba da haɗawa ba lissafi, wata rana za a nemi Bunaji na asali a rasa. Wannan damuwa ta shafi duniya duka. A 2007 ƙasashe fiye da 100 suka taru a Suwizalan, suka amince da shirin kare irin dabbobin gida.

Kula da Sabon Maraƙi

1. A share masa majina daga hanci da baki, a bar uwar ta lashe shi.
2. A shafa aidin a cibiyarsa don kada ta ruɓe.
3. Ya sha dakashi cikin awa 6 na farko. Dakashi shi ne rigakafinsa na fari.
4. In ana tatsa, a rage masa nonon da zai ƙoshi.
5. A ɗaure shi a wuri busasshe mai inuwa.
6. A rubuta ranar haihuwarsa, da sunan uwarsa, da irin ubansa.

A nan ne karatu yake amfanar makiyayi. Da ɗan littafi zai san wace saniya ce mai yawan nono, da wadda ba ta yawan ciwo. Daga 'ya'yanta zai zaɓi bijimi. Kada a bar bijimi ya hau 'ya'yansa mata, domin iri yakan lalace. Mai son haɗawa da baƙon iri, ya ware wasu shanun ya bar su a kan asalinsu. Da tsohuwar zuma ake magani.

Tambayoyi

1. Wane irin shanu ne ke jure sammore?
2. Me ya sa maraƙi zai sha dakashi da wuri?
3. Waɗanne abubuwa uku za a rubuta ranar haihuwar maraƙi?