Rage Ƙiba Bayan Haihuwa: Sau Nawa Mai Jego Za Ta Ci Abin Marmari?

Akwai tambayar da mata ke yawan yi wa ma'aikatan jinya, musamman waɗanda suka haihu sau biyu ko uku suka ga jikinsu bai koma yadda yake ba. Sukan ce: "Idan na fara rage ƙiba bayan na sauka, shi ke nan na rabu da waina da cincin da lemon kwalba? Ko kuwa zan iya ware rana guda in ci abin da raina ke so?" Wasu ma sun ji an ce ware irin wannan rana yana ƙara saurin zubewar ƙiba. A wannan fitowa za mu duba maganar dalla-dalla, domin ki shirya tun kafin ranar sauka. Idan da hali, ki ba maigida da uwar miji su karanta, don su ma da hannunsu a cikin abin da mai jego ke ci.

Da farko: mai ciki ba ta rage ƙiba

Muddin kina ɗauke da ciki, ki ajiye maganar rage ƙiba gefe guda. Ƙaruwar nauyi wajibi ce, domin a ciki akwai nauyin jariri, da mabiyiya, da ruwan da yake kwance a ciki, da ƙarin jini, da kitsen da jiki ke tanada saboda shayarwa. Bisa ƙa'idar da masana lafiya na Amurka suka fitar a shekarar 2009, wadda asibitoci da dama ke aiki da ita, ga abin da ake so mai ɗauke da jariri ɗaya ta ƙara daga farkon ciki zuwa haihuwa:

1. Siririya ƙwarai kafin ciki: kilo 12.5 zuwa 18.
2. Mai matsakaicin jiki: kilo 11.5 zuwa 16.
3. Mai ɗan jiki fiye da kima: kilo 7 zuwa 11.5.
4. Mai ƙiba sosai: kilo 5 zuwa 9.

Ki lura, ko mai ƙiba sosai ana so ta ƙaru, sai dai kaɗan. Ma'aikaciyar awo za ta auna tsawonki da nauyinki ta gaya miki rukunin da kike.

Haka kuma maganar nan ta "ci na mutum biyu" ba ta nufin ki ninka kwano. A watanni ukun farko jiki ba ya buƙatar ƙarin abinci. A watanni uku na tsakiya ƙarin bai wuce kalori 340 a rana ba, a na ƙarshe kuma kamar 450. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Wannan ƙari bai wuce kofin kunun gyaɗa da dafaffen ƙwai da ayaba ba.

Idan kwaɗayin ciki ya taso, ki ɗan taɓa abin da kike marmari, ba laifi. Amma in kin ga ranki na son farar ƙasa, ko gawayi, ko tauna ƙanƙara, ki faɗa a wajen awo. Sau da yawa wannan alama ce ta ƙarancin jini.

Yaushe za a fara?

Ranar haihuwa kaɗai mace kan sauke kimanin kilo 5 zuwa 6. A makonnin da ke biye kuma ruwan da ya taru a jiki yana fita ta fitsari da gumi. Saboda haka kada ki yi gaggawa. Ki bari ki yi arba'in, ki zo asibiti a duba ki a mako na shida, nono ya zauna sosai, sannan ki fara. Wadda aka yi wa aiki, ko ta zubar da jini da yawa, ta jira sai likita ya ba ta izini.

Jikin mai shayarwa yana kashe kusan kalori 500 kowace rana wajen haɗa nono. Don haka ba a so abincinta ya gaza kalori 1,800 a rana, kuma ba a so ta sauke fiye da rabin kilo a mako, wato kilo biyu a wata. A shekarar 2000 an buga sakamakon wani bincike da aka yi a Amurka a kan mata masu ƙiba da ke shayarwa. Sun rage abinci kaɗan, suna motsa jiki, suna sauke kimanin rabin kilo a mako har tsawon mako goma, kuma jariransu sun girma daidai da na sauran matan. Sannu ba ta hana zuwa. Jikin da ya ɗauki wata tara yana ƙaruwa, a ba shi wata shida zuwa shekara ya koma.

Me ya sa hana kai gaba ɗaya ba ya ɗorewa?

Mace takan ɗaura niyya ta ce daga yau ba ita ba zaƙi, ba ita ba soye-soye. Ta yi kwana goma tana daurewa, ga rashin barci, ga kukan jariri, ga yunwar shayarwa. Rana ɗaya a kawo mata alkaki daga gidan suna, ta ci ɗaya, sai ta ce ai an riga an karya, bari in cinye. Washegari ta tashi da jin haushin kanta, ta ƙi karyawa, da yamma yunwa ta sa ta ci fiye da jiya. A haka da yawa ke watsar da shirin baki ɗaya.

Masana abinci sun daɗe da lura cewa wanda ya ɗaure kansa tamau ya fi saurin ɓarkewa da ci, a kan wanda ya bar wa kansa 'yar ƙofa. Amfanin abin marmari ke nan: yana sa ki iya ci gaba da tsarin wata da watanni, ki kuma shiga cikin 'yan'uwa ranar biki ba tare da kin zama saniyar ware ba.

Amma batun cewa cin abinci mai yawa rana guda yana "tayar da jiki" ya ƙara ƙona kitse, kada ki dogara da shi. Gaskiya ne jiki yana ɗan ƙara ƙona abinci bayan an ci da yawa, sai dai ƙarin ɗan kaɗan ne, ba ya daɗewa, kuma bai kai ko kusa da abin da aka ci ba.

Ci ɗaya, ba yini guda ba

Bari mu yi lissafi. A ce kina rage kalori 500 kowace rana. A kwana shida kin tara 3,000. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana daidai da kalori 7,700 ko kusa da haka, don haka kin doshi rabin kilo ke nan.

To, ga rana ta bakwai. Kwalbar lemo mai santilita 50 tana ɗauke da kalori sama da 200, da sukari kimanin ƙaramin cokali 13. Babban cokali ɗaya na mai, ko na gyaɗa ne ko manja, kalori 120 ne. Soyayyar gyaɗa giram 100, wato kamar cikin tafin hannu uku, ta haura kalori 550. Idan kika ware yini guda, waina da miya da safe, shinkafa da soyayyen nama da rana, cincin da dublan tsakani, tsire da dare, kowanne da lemonsa, abu ne mai sauƙi ki ci rarar kalori 2,000. Wahalar kwana huɗu ta tafi a yini ɗaya. In kuwa ci ɗaya kika yi, faranti guda na abin da kike so, rarar ba za ta wuce 500 zuwa 700 ba, kuma mafi yawan ribar makon tana nan.

Saboda haka shawararmu ga mai jego lafiyayya ita ce: abin marmari sau ɗaya a mako, a zama ɗaya. Idan kin fi son ki rarraba, ki ɗauki ɗan kaɗan sau biyu ko uku a mako, misali waina biyu ko alkaki ɗaya, a madadin babban farantin. Ki zaɓi ɗaya daga cikin hanyoyin biyu, kada ki haɗa su. In kin yi mako uku sikeli bai motsa ba, ki mayar da shi sau ɗaya a mako biyu.

Yadda za ki tsara shi

1. Ki sa ranar tun da wuri. A garuruwanmu da wuya mako ya wuce babu suna ko biki ko walima. Ki bar abin marmarinki ya faɗo ranar. Idan bukukuwa biyu suka haɗu a mako ɗaya, ki zaɓi guda. A ɗayan ki ci nama da ganye, ki sha ruwa.
2. Kada ki kwana da yunwa ko ki ƙi karyawa don ki "tara wuri". Mai shayarwa da ta isa gidan biki da yunwa ba ta iya tsayawa.
3. Ki zuba a faranti, ki zauna, ki ci a hankali. Ci daga cikin roba ko leda ba shi da iyaka.
4. Ki zaɓi tsakanin abin sha da abin ci. In za ki ci waina, ki sha ruwa. Zoɓo da kunun aya da fura da aka cika wa sukari duk lissafinsu ɗaya da lemon kwalba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da babba zai sha a rana kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12, in ya tsaya a 6 ya fi. Kin ga kwalba ɗaya ta cinye kason yini.
5. Ƙunshin da aka ba ki a gidan biki, da kayan gara irin su nakiya da dublan, ki raba wa jama'a. Abin da ke ɗaki shi ake ci da tsakar dare lokacin shayarwa.
6. Ci na gaba ki koma tsarinki kamar ba abin da ya faru. Ba a ramuwa da yunwa.

Kada sikeli ya tsorata ki washegari. Za ki iya ganin ƙarin kilo ɗaya ko fiye, amma yawancinsa ruwa ne. Gishiri yana riƙe ruwa, haka kuma kowane giram na sitacin da jiki ya adana yana tafiya da ruwa kamar giram uku. Cikin kwana biyu zuwa uku zai sauka. Ki riƙa hawa sikeli sau ɗaya a mako, da safe, kwana uku ko huɗu bayan ranar marmarin.

Waɗanda wannan shawara ba ta shafa ba

Idan an same ki da ciwon suga lokacin ciki, babu ranar hutu a tsarin abincinki har ki haihu, domin hawan suga na yini ɗaya ma yana isa ga jariri. Bayan haihuwa ki dawo a sake gwada jininki tsakanin mako na 6 da na 12, kuma ki ci gaba da gwaji a kai a kai, saboda kin fi sauran mata haɗarin kamuwa da ciwon suga nan gaba. Sai an ga sakamakon ne likita zai gaya miki abin da za ki iya taɓawa.

Idan kina da hawan jini, ko kin yi jijjiga, ko ƙafafunki na kumbura, abin da za ki fi kiyaya shi ne gishiri: kilishi, tsire mai yaji da dunƙule, taliyar leda da kayan haɗinta. Gishirin yini gaba ɗaya kada ya kai ƙaramin cokali ɗaya, wato giram 5.

Idan kuma kin lura duk ranar da kika taɓa abin marmari ba kya iya tsayawa, ko kina ci a ɓoye, ko kina sa kanki amai bayan ci, ko baƙin ciki da kuka sun yi miki yawa tun da kika haihu, ki gaya wa likita. Lalura ce da ake magani, ba abin kunya ba ne.

Abubuwan da ba sa cikin lissafi ko sau ɗaya

Kunun kanwa ba abin marmari ba ne. Kanwa cike take da sinadarin da ke cikin gishiri, tana tara ruwa a jiki ta ɗora wa zuciya nauyi. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa da shan kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Ki sha kunun gyaɗa ko na tsamiya ko koko. In kika ji numfashi na yi miki wuya, musamman in kin kwanta, ko tari da kumburin ƙafa, a kawo ki asibiti a ranar.

Haka nan shayin rage teɓa da ƙwayoyin rage ƙiba da ake tallatawa, ki nisance su. Da yawansu gudawa da fitsari kawai suke sawa, ruwan jiki ya ƙare, kuma wasu abubuwan da ke cikinsu suna iya bi ta nono su isa ga jariri.

Kira ga maigida da iyaye

Maigida, tsarabar dare tana daga cikin abin da ke ɓata tsarin mai jego. Maimakon lemo da biskit kullum, ka riƙa shigo da kifi, ƙwai, wake, lemon zaƙi, gwanda ko kankana, ka bar tsiren ya zama na ranar da kuka sa. Ka karɓi jaririn na rabin sa'a ta samu ta taka ƙafa. Minti 30 sau biyar a mako ya cika minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so mai jego ta samu. Iyaye da kakanni kuma, mun san ƙauna ce ke sa a cika wa mai jego kwano. Amma yawan nono ya fi dogara ga yawan sa jariri a mama, dare da rana, a kan yawan man shanun da aka zuba a tuwo. A ba ta abinci mai gina jiki da ganye da ruwa isasshe, a bar jariri a kan nono zalla har wata shida. Kuma a daina yi mata gorin jiki, ko na ƙiba ko na rama.

In kina da tambaya, ki nemi a haɗa ki da sashen kula da abinci a ranar awonki na gaba, ki zo da katinki. Allah Ya raba lafiya, Ya raya abin da za a samu.