Idan Jirgi Ya Nutse da Injinsa: Yadda Ake Nemo Shi a Tsamo Shi

Jirgin katako ba kasafai yake kaiwa ƙasan ruwa shi kaɗai ba. Ko ya cika maƙil, yakan tsaya yana lilo a saman ruwa. Abin da ke jan sa ƙasa nauyin da ke jikinsa ne: injin da aka ɗaura a baya, buhunan hatsi, yashi, baburan fasinja. Shi kuwa injin nan shi ne jarin. Yamaha mai ƙarfin doki 40, wanda ya cika kwatar Yawuri da ta Malale, kuɗinsa yakan fi na jirgin da yake turawa, don haka mai jirgi ba zai iya yafe wa ruwa shi ba. Shawarar nan ta masu irin wannan jirgi ce a Kainji ko Tiga ko Challawa, amma mai babur ɗin ruwa irin na tafkin Jabi a Abuja ma zai ƙaru.

Rai ne farko, wannan ba sai an faɗa ba. Idan an rasa mutum, maganar ta koma hannun Sarkin Ruwa da 'yan sandan ruwa da hukumar NIWA, kada ka taɓa komai sai da izininsu. Idan kowa ya tsira, to aikinka ya fara tun ba ka bar wurin ba, domin yawancin jiragen da ba a sake gani ba, rashin shaida wurin ne ya ɓatar da su, ba zurfi ba. Ruwa ba shi da alama. Gobe da safe mutum biyar za su nuna maka wuri biyar, kowa yana rantsuwa. Ba ƙarya suke yi ba: kowa yana tuna inda aka tsamo shi ne, alhali iska ta riga ta kora shi nesa da inda jirgin ya tafi ƙasa.

Saboda haka ka ɗaura dutse a igiya mai tsawo, ka ɗaura jarka a ɗaya bakin, ka jefa nan take. Idan akwai waya a jirgin da ya kawo ɗauki, a buɗe taswira a ajiye wurin. Sannan ka yi abin da masunta ke yi tun kafin waya. Dubi gaɓa ka nemo abu biyu da suka hau layi ɗaya, ɗaya a gaba ɗaya a baya, misali itacen giginya da hasumiyar masallaci. Ka juya gefe ka nemo wasu biyun, ko dutse da ƙarfen sabis. Inda layukan nan biyu suka gitta, nan ne wurinka. Layi ɗaya bai isa ba. Wannan dabara ta layuka biyu ta fi jarka aminci, don jarka yaro kan iya kwance ta.

Washegari ka fita da asuba kafin iska ta tashi. Tankin inji yana tsiyayar da mai a hankali, za ka ga wani maiƙo mai launi-launi yana fitowa ɗigo-ɗigo yana bajewa. Kada ka bi inda ya baje, ka bi shi baya ta inda iska ke fitowa har ka ga inda ɗigon ke ɓullowa. Wani lokaci har da ƙananan kumfa.

Daga nan sai laluben ƙasa. Mai walda zai lanƙwasa maka rodi huɗu ya yi ƙugiya mai yatsu. A ja ta a hankali, layi bayan layi, kamar mai huɗa a gona, ana ajiye jarka a ƙarshen kowane layi don kada a maimaita wuri ɗaya a tsallake wani. Idan filin da faɗi, kwalekwale biyu su ja igiya ɗaya a tsakaninsu, an rataya mata duwatsu tana sharar ƙasa. Ka sa a yi rodin siriri yadda zai miƙe idan an ja da ƙarfi, domin madatsun nan ba ramuka ne masu sumul ba. Da aka kammala Kainji a 1968 ruwa ya haɗiye dazuzzuka da gonaki da garuruwa, har da tsohuwar Bussa, kuma Tiga da aka gama a 1974 ita ma kan daji ta kwanta. Kututture sun fi jirginka yawa a ƙasa. Masu ba da shawarar maganaɗisu kuwa, su yi haƙuri: gangar jikin injin alminiyam ne, babur ɗin ruwa kuma roba ce mai tauri, maganaɗisu ba ya kama ko ɗaya yadda zai ɗaga. Idan za ka samu aron na'urar nan mai nuna kifi da zurfin ruwa, ta fi shi amfani nesa ba kusa ba.

Idan ƙugiya ta kama abin da ake zato, sai mai nutso ya sauka ya tabbatar, ya ɗaura igiya. A nan ne ake asarar rai a banza. Ka nemi gwani ta hannun Sarkin Ruwa, irin Sarkawan da suka gaji ruwa, ba saurayin unguwa mai cika baki ba. Ya bi igiyar ƙugiya ya sauka, da wuƙa a jikinsa saboda tsofaffin taru da mamari da suka naɗe a kututture, kada kuma a ɗaure shi da igiyar da ke jikin kayan. Abin da ya wuce ƙarfin numfashinsa, aikin masu tukunyar iska ne da suka sami horo. Kada ka yarda a saukar da mutum da tiyo daga injin mai faci. Iskar tana ɗauke da hayaƙi da mai, kuma wanda ya shaƙi iska a zurfin mita 10 ya riƙe ta ya taso, kafin ya iso sama ta ninka biyu a ƙirjinsa, ta isa ta fasa huhu. Kusa da bakin da madatsa ke zuƙar ruwa kuwa, ko gwani ba ya nutso. A ɗaura igiyar a wuri mai ƙarfi, wato maƙalar da ke riƙe inji a katakon baya ko zoben hanci, ba a murfi ko hannun tuƙi ba.

Yanzu ɗagawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tara ƙarti a gaɓa, ko a ɗaura wa mota, a ce a ja. Laka tana riƙe abu fiye da nauyinsa, kayan kuma zai yi ta karo da kututture, ƙarshe ka tsamo katakon baya ka bar sauran. Ruwan da ya haɗiye shi, shi za ka sa ya ɗago shi. Lissafin mai sauƙi ne: kowace lita ɗaya ta iska tana ɗaga kilo ɗaya. Jarka mai lita 25 ta ɗaga kusan kilo 25, duro mai lita 200 ya ɗaga kusan 200 idan an cire nauyin kansa. Inji mai doki 40 ya ɗan haura kilo 70 a tudu, a cikin ruwa bai kai haka ba.

Dabarar da na fi so ba ta buƙatar sayen komai. A jera jirage biyu gefe da gefe a kan wurin, a gitta musu katako mai kauri a ɗaure. A zuba musu ruwa da gangan har su zauna ƙasa sosai, amma ba har baki ba. A ja igiyar kayan ta yi tsantsan a ɗaure a katakon, sannan a kwashe ruwan daidai wa daida a jiragen biyu. Suna tasowa suna ɗago kayan. Idan laka ta riƙe, a dakata, a ɗan girgiza igiyar, za ta saki da kanta. Da ya rabu da ƙasa, a tuƙa a hankali zuwa gaɓa har ya sake taɓa ƙasa, a maimaita. Kada a yi ƙoƙarin fito da shi sama a tsakiyar tafki, don da ya bar ruwa nauyinsa zai dawo, ga na ruwan da ke cikinsa. Kowa da rigar kariya, kada kowa ya naɗa igiya a hannu.

Ga inda mutane ke lalata injin da suka sha wahalar nema. A cikin ruwan daɗi inji kan yi kwanaki bai yi wata ɓarna ba, amma da iska ta taɓa shi tsatsa ta fara cin ƙarafan ciki cikin sa'o'i. Bakanike ya kasance yana tsaye a kwata kafin a fito da shi. In bai iso ba, a nutsa injin cikin duron ruwa mai tsabta ya jira shi. Kada a ja igiyar tayarwa don a ji ko yana da rai: ruwa ba ya matsuwa, fistin zai daki ruwan da ke silinda ya lanƙwasa sandarsa. A cire batir in akwai, a kwance fulogi, a kifa injin ruwa ya zube, a juya shi da hannu a hankali. Idan an ji ƙurus-ƙurus na yashi ko ya cije, a tsaya, sai an warware shi gaba ɗaya. Idan yana juyawa sumul, a wanke kafireta, a zubar da tsohon fetur, a ɗura baƙin mai ta ramin fulogi a juya, a sa sabon fetur da aka ɗan ƙara wa baƙin mai, a tayar da shi a ranar, ƙafarsa na cikin ruwa, ya yi aiki kamar rabin sa'a zuwa sa'a guda har zafi ya kori sauran danshin. Injin da ke da tukunyar baƙin mai daban, kamar na yawancin baburan ruwa na yanzu, a yi ta canza masa mai ana tayarwa har sai ya daina fitowa fari kamar madara. A duba man giyar ƙasa kusa da farfela, shi ma in ya yi fari a sauya.