Dokokin Yaƙi da Satar Fasaha a Intanet da Abin da Suke Jawo wa Marasa Laifi

Satar fasaha, wato kwafar fim ko waƙa ko littafi a yaɗa shi ba da izinin mai haƙƙin mallaka ba, ɓarna ce da babu mai musun ta, sai dai waɗanda ke aikin kula da na'urorin sadarwa sun san cewa dokokin da ake kafawa domin magance ta galibi suna aiki ne ta ɗaya daga hanyoyi biyu: ko a sa ido kan masu amfani da intanet, ko kuma a toshe adireshin da ake zargi.

Faransa ce ta fi shahara da bin hanya ta farko, lokacin da ta kafa hukumar Hadopi a 2009. Kamfanonin da masu haƙƙin mallaka suka ɗauka aiki ne suka riƙa tattara adireshin IP, wato lambar da ake ba kowane layin intanet domin a gane shi, na masu musayar fina-finai da waƙoƙi, sannan hukumar ta nemi kamfanin sadarwa ya bayyana sunan mai layin, a aika masa gargaɗi ta imel, idan ya maimaita a aika masa wasiƙa, daga nan kuma a miƙa batunsa ga masu gabatar da ƙara. Matsalar da ma'aikacin sadarwa ke gani tun farko ita ce lambar tana nuna wanda ke biyan kuɗin layi ne kawai, ba ta nuna wanda ke zaune gaban kwamfutar ba, saboda haka laifin ɗa ko baƙo ko maƙwabcin da ya samu kalmar sirri yana iya komawa kan maigida. Dokar ta kuma tanadi yanke wa mai layi intanet, amma a watan Yunin 2009 kotun tsarin mulkin ƙasar ta yanke cewa alƙali kaɗai ke da ikon yanke wa mutum intanet, a 2013 kuma aka soke hukuncin yanke intanet ɗin daga wannan tsari.

Hanya ta biyu ta fi saurin ɗaukar marasa laifi. A farkon 2024 Italiya ta fara aiki da tsarin Piracy Shield domin hana haska wasannin ƙwallon ƙafa ba da izini ba, inda mai haƙƙi ke shigar da adireshin da yake zargi, kamfanonin sadarwa kuma su toshe shi cikin minti 30, ba tare da alƙali ya duba wannan adireshi ba. Minti 30 ba ya isar injiniya ya bincika komai. Umarni ne ke shigowa, na'ura ta aiwatar. Ga shi kuma adireshi ɗaya a yau tamkar gidan haya ne mai ɗakuna barkatai, domin dubban shafuka na iya zama a ƙarƙashinsa. Shi ya sa a watan Fabrairun 2024 aka toshe wani adireshin kamfanin Cloudflare, shafuka masu ɗimbin yawa da ba ruwansu da ƙwallo suka ɓace, a watan Oktoba kuma aka toshe wani sashe na Google Drive, mutane suka yi sa'o'i ba sa iya sauke takardunsu.

Batun ya shafi Najeriya kai-tsaye, domin dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a 2023, ta tanadi tsarin neman a cire abin da aka sata daga intanet, ta kuma ba hukumar kare haƙƙin mallaka ikon toshe shafuka. Masu shirya fina-finan Kannywood, waɗanda satar fasaha ta daɗe tana karya wa jari, suna da hujjar maraba da hakan, amma ya dace masu shafuka da kamfanonin sadarwa su nemi sanin wanda zai tantance ƙorafi kafin a toshe, da inda wanda aka toshe bisa kuskure zai kai kukansa, da kuma tsawon lokacin da za a adana bayanan masu layi.