Me Ya Raba Kan Masoya Breaking Bad?

Wani mai sauraronmu daga Mai Wurno, Sudan, yana tambaya: me ya sa fim ɗin El Camino ya raba kan 'yan kallo?

To Malam, shirin Breaking Bad, labarin malamin makarantar da ya rikiɗe ya zama dillalin ƙwaya a Amurka, ya ƙare a 2013 bayan kashi 62. Sai a Oktoban 2019 mai shirin, Vince Gilligan, ya fito da cigabansa, wato El Camino, a Netflix.

Wasu hankalinsu ya kwanta da Jesse Pinkman, abokin harkar malamin, ya tsere Alaska a fim ɗin. Wasu kuwa suka ce ai an riga an rufe labari, ga shi malamin, Walter White, bai fito ba sai a waiwaye. Ƙorafinsu ke nan.